An Yafe wa Babana Laifin da Bai Yi Ba

Da girbin dawar bana mahaifina, Malam Bawa, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Masu karanta jaridar nan ba su san shi ba, kuma babu dalilin da zai sa su san shi. Heluma ne, wato shugaban leburorin da ke gyaran hanyar mota ta rani wadda ta shiga ƙauyenmu, Magarya, a ƙasar Wurno. Bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye, domin maganar da ta fi cancanta a faɗa game da shi ita ce wadda ya hana ni faɗa.

Kafin a iso garinmu akwai wani rafi mai faɗi. Da damina ruwa ke cika shi, ba mai maganar mota. Idan ruwa ya janye sai ya bar yashi fari mai laushi, wanda jaki ke ratsawa yana kaɗa kunne, amma mota in ta shiga sai ta nutse har ciki. Aikin Baba na kowace shekara shi ne ya shimfiɗa wa mota mashigi a kan yashin nan. Ana jera karan dawa a gicciye, dami bisa dami, a danne da zana, sannan leburori su yi ta jido jar ƙasa a kwanon sarki daga wani rami mai nisa, a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe. Kara da zana ana samunsu a gari. Jar ƙasar ce ke cin hannu da kwanaki, kuma in babu ita mashigin bai fi tabarma ba. Damina na zuwa ruwa ya kwashe komai, badi a sake. Ina ƙarama nakan ji tausayinsa, mutum yana gina abin da ya san ruwa zai tafi da shi. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce ai tuwo ma kullum sai an sake tuƙawa.

Ba ya yarda da idonsa a kan hanya. Takalmi yake cirewa ya bi ta da ƙafa, yana dannawa da diddige, inda ya ji ta yi taushi ya tsaya ya kira mai diga. Sunan mahaifiyarsa, Kulu, aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ya tsaya kai da fata aka kai ni makarantar 'yan mata, a lokacin da dangi ke ganin hakan kamar jefar da ɗiya ne. Yana karanta ajami sarai, amma boko ya gagare shi, takardun ofis kuma da boko suke zuwa. Yakan ce, cikin wasa, ya gaji da biyan malamin kasuwa goro don a karanta masa umarnin da zai bi.

Yanzu ina koyar da 'yan mata a Rabah. A watan jiya na ji ma'aikata suna zance cewa kuɗin hukuma na bana ba su kai ba, kuma za a taɓa na gyaran hanyoyi a cike giɓin, a biya albashi da sauran abin da ba ya jira. Suna faɗa ne kamar masu zancen farashin gishiri. Ɗaya ya ce ai hanya ba ta kuka, in an bar ta shekara guda ba ta mutuwa. Na koma aji na kasa koyar da lissafin da na shirya, na sa yara suka yi ta karatu da ƙarfi, ni kuwa ina kallon taga. Na taɓa jin irin wannan magana, ina da shekara goma sha uku, kuma da bakina na karanta ta, a wata takarda da ofis ya aiko wa Baba.

Sai na koma baya kaɗan don a fahimci abin da takardar ta tarar. Mutanen garinmu manoman albasa ne tun kaka da kakanni. Da rani sukan sauka fadama, su yi dashe, su yi ta ban ruwa da jigo har kafaɗa ta kumbura. A da kowa yana noma gwargwadon abin da jakunansa za su iya kaiwa kasuwa. Da mota ta fara shigowa, shekara uku a jere, fatake suna zuwa har bakin fadama suna lodin buhuna, sai lissafin mutane ya sake. Baba ne ya fi kowa zuga su. Ina jinsa a zaure yana ce wa amininsa Baffa Jabbi, wanda ya fi kowa yawan kunyoyin albasa a garin:

"Jabbi, mi kaka yi da jakkai shidda? Mota guda ta ɗauki abin da suka ɗauka wata guda. Sai da su, ka ƙara fadama."

"In motar ta ƙi zuwa hwa? Kai za ka goya min buhu?"

"In dai ina numfashi, mashigi na nan. Ka ji na hwaɗi."

"To Allah shi ja numfashin naka, tunda jarina na bisa shi."

Suka yi dariya. Baffa Jabbi ya kora jakunansa kasuwar Gandi ya sayar da biyar, ya bar wata tsohuwar jaka don ɗebo ruwa. Da aka ga ya yi, gidaje da yawa suka bi. A shekarar an dasa albasa har inda ba a taɓa dasawa ba.

Takardar ta zo ina gida hutu, an gama dashe, ruwan rafi ya janye, Baba yana jiran a ce masa ya ɗebi leburori. Da hantsi ne. Ya kira ni zaure, ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce in karanta masa ranar fara aiki. Na karanta da muryar 'yar makaranta, ina ji da kaina. Takardar ta ce harajin shekarar bai cika ba, jangali ma ya ragu domin makiyaya da yawa sun ƙaura da shanunsu, saboda haka an mayar da kuɗin gyaran ƙananan hanyoyi cikin kuɗin gudanar da hukuma. A sallami leburori. A dakatar da aiki har sai an ga hali. Sai da na kai ƙarshe na lura murmushin ya tafi.

Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya karɓi takardar ya naɗe ta ƙanana, ya tura cikin gafakar da yake ajiye Alƙur'aninsa.

"Uwata, abin ga da kinka karanta, ni da ke da Allah."

"Baba, ai sai a hwaɗa ma mutane, su san mota ba ta zuwa."

"Wa yac ce ba ta zuwa? Sun ce har a ga hali. In nit tahi kasuwa nic ce manya sun kwashe kuɗin hanya sun biya kansu albashi, gobe wa za shi ba da haraji da daɗin rai? In sunka ƙi biya, wa za a ɗaure? Ba na birni ba. Jabbi za a ɗaure. Ki yi min alkawali."

Na yi masa. Yarinya ce ni, kuma ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Na sha juya wannan shawara tasa a raina. Wani lokaci ina ganin hikima ce, ta mutumin da ya san inda bulala ke sauka. Wani lokaci kuma ina ganin kuskure ne babba, domin da ya faɗa a ranar, da wasu sun yi hanzarin sayen jakuna tun ba su yi tsada ba, da wasu sun rage ban ruwan da suka ƙarar da ƙarfinsu a kai. Ya yarda da kalmar nan ta "har sai an ga hali" fiye da yadda wanda ya rubuta ta ya yarda da ita. Ga mai rubutun, hanya ce ta rufe takarda cikin ladabi. Ga Baba, alkawari ne, don shi in ya faɗi irinta yana nufinta.

Bai zauna jira kawai ba. Ya sayar da kekensa, wanda duk garin babu na biyunsa, ya sayi kara da zana. Leburori biyu daga cikin waɗanda aka sallama suka tsaya masa don kunya. Su uku suka jera kara tun daga wannan gaɓa har waccan, suka danne. Jar ƙasa kuwa mutum uku ba su iya jido ta, sai suka yayyafa ɗan abin da ya samu a inda taya za ta bi. Daga nesa mashigin ya yi kama da na kowace shekara. Shi ya sa babu wanda ya yi tambaya.

Ina makaranta aka cire albasa. Abin da ya biyo baya Inna ce ta ba ni labari. Motar farko ta zo da bazara, ta ratsa wofi lafiya lau, yara suna bin ta da gudu. Aka yi mata lodi har sama. Da ta juyo, a tsakiyar rafi, karan ya karye ƙarƙashinta, ta zauna cikin yashi. Kwana biyu maza suna haƙa. Sai da aka sauke buhunan duka, aka jawo ta da igiya. Direban ya rantse ba zai sake kawo motar maigidansa nan ba, kuma ya cika rantsuwarsa, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa a tasha. Fatake suka karkata wajen Goronyo. Albasar garinmu ta zauna a rumfuna tana jiran jakunan da aka sayar. Waɗanda suka samu haya sun fitar da kaɗan. Sauran albasar kuwa, ruwan farko ya same ta. Inna ta ce wata guda ba a iya cin tuwo a tsakar gida saboda wari, kuma ta ga Baffa Jabbi da kansa yana kwasar ruɓaɓɓiyar albasa da shebur yana zubawa a rami.

Da na dawo hutun damina na tarar an sake wa Baba suna. Bawa Ci-hanya. Magana ta bazu cewa an aiko da kuɗin jar ƙasa kamar kullum, shi ya cinye, ya rufe yashi da kara don ya rufe idon mutane. Mata suna faɗa a bakin rijiya, in sun gan ni su yi shiru. Zaurenmu da ke cika da maraice ya koma sai kaji. Baffa Jabbi bai zage shi ba ko sau ɗaya, sai dai ya sake hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofarmu. Na shiga wurin Baba ina kuka, na ce ya bar ni in ɗauko takardar in karanta a bakin kasuwa. Ya ce, "Uwata, ni nic ce su sai da jakkai. Wannan ba takarda ta hwaɗe shi ba, ni na." Ya ce badi kuɗi za su dawo, zai yi musu mashigin da ba a taɓa gani ba, magana ta mutu da kanta.

Bai ga badin ba. Zazzaɓi ya kama shi da kaka, kwana tara ya cika. Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe shi ba, domin ban sani ba, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne abin da ya faru da aka fito da shi. Liman ya tambayi jama'a, kamar yadda aka saba, ko akwai mai wani haƙƙi a kan mamaci, in akwai a faɗa ko a yafe. Sai Baffa Jabbi ya ce, "Mun yahe mai albasammu. Allah shi yahe muna baki ɗai." Jama'a suka amsa da amin. Kawuna ya shigo cikin gida ya gaya wa Inna wannan a matsayin albishir, ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Ni kaɗai na san an yafe masa satar da bai yi ba, kuma da wannan yafiyar aka tabbatar da ita har abada. Duk ta'aziyyar da aka yi mini ba ta kai zuciyata ba, don wannan kalma ta riga ta tare ƙofar.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ko'ina ana zancen mulkin kai, ana cewa Turawa sun kusa tafiya, 'ya'yan ƙasa za su riƙe baitulmali da hannunsu. Na tabbata zai yi murna, don yana son ya ga namu a kan kujera. Amma na san tambayar da zai yi, domin tambayarsa ɗaya ce a kan kowane sabon shugaba: ya taɓa bin hanyar da ƙafa? Ban zargi waɗanda suka rubuta waccan takarda da mugunta ba. Na koyi isasshen lissafi na gane cewa in tukunya ba ta cika ba dole a rage wa wani. Malamin asibiti yana da baki, ɗan doka yana da baki, duk wanda albashinsa ya makara zai tsaya a ƙofar ofis da safe. Hanya ce kaɗai ba ta zuwa ofis. Sai a ɗauki nata, a ce aro ne. Abin da ba a gani daga birni shi ne akwai mutanen da suka riga suka shuka, suka sayar, suka yi alkawari a kan hanyar nan. Kuma in an ɗauka ba a aiko mai shela ya gaya wa talakawa. Ana rubuta wa ƙaramin ma'aikaci ɗaya, a bar shi da fuskokin mutane.

An sake shimfiɗa mashigin bayan shekara biyu, da wani heluma. Mota tana zuwa wasu shekarun, wasu ba ta zuwa. Mutanenmu sun koyi darasi: ba gidan da ba shi da jaki yanzu, kuma ba mai dasa abin da ya fi ƙarfin bayan dabbarsa. Fadamar da aka taɓa cikawa rabinta ciyawa ce.

Da na ji zancen bana sai na kasa riƙe alkawarin. Na je gida ranar wata Laraba, na roƙi Inna ta buɗe gafakar. Takardar tana nan, ta yi ja a wuraren naɗi. Na sa lulluɓi na tafi gidan Baffa Jabbi. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, yana zaune a inuwa yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ɗiyar Bawa ce. Ya ce ya gane muryar. Na ce na zo da wata takarda da nake so ya ji. Na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, ina jiran ya yi salati, ko ya yi kuka, ko ya ce ƙarya nake yi.

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Ɗiyata, ai mun sani."

Na ce, "Baffa, kun san mi?"

"Mun san bai ci ba. Wanda yac ci kuɗin hukuma shina sai da kekenai? Mun gane shi da kwano bisa kai, da hurhuratai, shina jidar ƙasa kamar lebura. Leburorin da anka kora ba 'yan garin ga na ba? Sun hwaɗi tun ran da anka kore su."

"To don mi kunka sa mai wannan suna? Don mi kunka bar zaurenai?"

Ya ajiye igiyar.

"Albasata ta ruɓe, Kulu. Ta shekara guda, da jakkaina biyar. In ban ji haushin wani ba zuciyata ta hwashe. Wa ni ka ji ma haushi? Wanda yar rubuta takardag ga ban san sunanai ba, ban taɓa ganin hannunai ba. In nit tahi birni ko ƙohwa ba a bari in shiga. Bawa na kusa. Bawa ka amsa sallamata." Ya share ido da bakin riga. "Kuma shi ya san mun sani. Shi ya sa bai taɓa tanka muna ba."

Na naɗe takardar. Shekara bakwai ina ɗauke da takarda kamar mai ɗauke da maganin da zai warkar da gari, ashe kowa ya san abin da ke cikinta. Kafin in tafi na roƙe shi abu guda, ya faɗa a gaban mutane. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Kawuna ya aiko mini da labari bayan mako biyu. Ran Juma'a, an idar da salla mutane suna neman takalma, Baffa Jabbi ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce yafiyar da ya yi wa Bawa ranar jana'iza ya janye ta, domin babu abin yafewa, su ne ke da neman yafiya, ga shi kuma wanda za a nema wurinsa ba ya nan. Tsofaffi kaɗan suka sunkuyar da kai. Liman ya yi addu'a. Kawu ya ce a bayansa ya ji wani saurayi yana tambayar abokinsa, wane ne kuma Bawa? Abokin ya ce, mai mashigin nan mana, Mashigin Ci-hanya. Haka direbobi ke kiran wurin yanzu, haka yara ke kiransa, ba da nufin zagi ba, don ba su san suna ne na mutum ba.

Ina auna abin da ya rage na mahaifina, sai in ga ba shi da yawa, kuma ba ni ke zaɓa ba. Aikin hannunsa ruwa ya tafi da shi tun yana raye. Kirkinsa yana wurin tsofaffi biyar ko shida da ke bin juna zuwa kushewa. Sunan da aka laƙaba masa cikin fushi shi ne ya kama ƙasa ya zauna. Na karya alkawarin da na yi masa, na karya a gaban Baffa Jabbi, yau kuma na karya a gaban duk mai karanta wannan, kuma ban tabbata na saya masa komai da shi ba. Ina roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini. Ina kuma roƙon masu riƙe da alƙalami a birni, in lalle sai sun taɓa kuɗin hanya a bana, su aiko da wanda zai tsaya a kasuwa ya faɗa da bakinsa, ya bari a kalli fuskarsa. Heluman da ke kan hanyarmu yanzu mutum ne mai shiru, yana da 'ya'ya huɗu, kuma gidansa na kusa.